Inda Man Motar Baba Yake Zuwa

Motar da Baba ya bar mana akori-kura ce, tsohuwa ƙwarai, irin waɗanda giyarsu take jikin sitiyari. Tun kafin a haife ni take gidan. Da ya rasu ba mu sayar da ita ba, kamar yadda ba mu raba gonakin ba. Ni da yayana muka ci gaba da lallaɓa ta. Mu biyu ne maza a wajen Inna, shi babba ni auta, kuma ya ba ni shekaru da yawa, don shi ya ƙarasa riƙona har ya yi mini aure. Ƙauyenmu yana tsakanin Rimin Gado da birni. Ranakun kasuwa mukan loda wa mutane hatsi da albasa da awaki, ni nake tuƙawa, Yaya kuwa shi ke neman mai da kula da gyara.

A shekarun nan neman man shi ne babban aikin. Gidajen mai a rufe suke, wanda ya buɗe kuma layinsa ba a ganin ƙarshensa. Yaya yakan fita da jarka bayan asuba, ya dawo da yamma fuska a bushe, wani lokaci da rabin jarka, wani lokaci hannu biyu. In abin ya gagara sai a koma wajen 'yan bumburutu, masu jera galan a bakin titi, waɗanda ba ka san abin da suka zuba a ciki ba.

Cikin wannan hali motar ta fara ciwo. Da safe za ta tashi lafiya lau, amma da ta ɗauki kaya ta ji hawa sai ta fara tari. Ka taka totur, ta yi kamar wani ya riƙe ta ta baya, ta shaƙe, ta mutu. Na sha sauke fasinja dab da Rijiyar Zaki su tura ni. Mun yi duk abin da muka sani. Mun goge fulogi. Mun kwance kafireto mun wanke shi tas a cikin kwano. Mun sake filta. Na sa baki na hura tiyon da ya taho daga tanki har na ji kumfa tana tashi a can baya, alamar hanya a buɗe take. Sannan muka zare tiyon da ke shiga kafireto, Yaya ya murza makulli ni ina kallo. Man ya fito, amma a gajiye, ba da tsartuwar da muka saba gani ba. Muka duba famfon da ke turo man, wanda yake ɗaure a jikin inji. A bushe yake, ko damshi babu a bayansa. Sai muka ce ai man bumburutu ne, an gauraya shi da kananzir.

Abu ɗaya ne ya faranta mana a lokacin. Motar nan da ta saba shan baƙin mai, kullum sai an ƙara mata, sai ta daina. Duk sanda na zaro sandar awo sai in ga ya cika. Har Yaya ya ce Allah ne ya duba mu ta wannan ɓangaren.

Fetur kuwa sai ƙara tafiya yake. Man da a da yake kai ni birni ya dawo da ni har da saura, yanzu a hanyar dawowa yake ƙarewa. Yaya ya kwanta a ƙarƙashin motar ya bi tanki da tiyo da hannu, bai sami inda yake yoyo ba. Ƙasar inda take kwana ma ba ɗigo. Daga nan na lura ya sami wani kara ya yi masa tsaga-tsaga, yana zura shi a tanki kafin in fita da bayan na dawo. Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka motar yake aunawa.

Wata rana bayan la'asar ya aiko a kira ni ƙofar ɗakin Inna. Na tarar da ita a kan tabarma tana gyaran wake, shi kuma a tsugune, karan nan a gabansa. Na gaishe su na zauna.

"Inna, na kira shi a gabanki ne don kada in yi abin da zan yi nadama," in ji shi. Sannan ya juyo gare ni. "Wa kake sayar wa?"

Ban gane ba. Na ce, "Sayar da me, Yaya?"

"Man motar. Na duba sama na duba ƙasa, ba ta yoyo. Ba mai taɓa ta sai ni da kai. Ni na san ban ɗiba ba."

Na daɗe ina kallonsa. Mutumin nan shi ya koya mini tuƙi, shi ya goya ni zuwa kaciya, bai taɓa ɗaga mini murya a gaban mutane ba. Yanzu ma bai ɗaga ba, a hankali yake magana, kuma hakan ya fi zafi, don na gane ya daɗe yana juya maganar a ransa kafin ya furta.

"In ba kai ba ne," ya ce, "ga Alƙur'ani can a ɗaki. Ka yi alwala."

Inna ta ajiye faifan. Ba ta kama sunan ɗan fari, ko kallonsa sosai ba ta cika yi ba, amma ranar ta dube shi ido cikin ido.

"Ba a gidan nan ba," ta ce. "Ba kuma ina da rai ba."

Na ce, "Inna, ki bari in yi. Wallahi ban taɓa ɗiban ko cokali ba."

"Na ce a'a, Auta. In ka rantse ka wanke kanka, shi kuma ina zai sa fuskarsa? In ba ka rantse ba ya ce ka ji tsoro. Ku tashi ku ba ni wuri."

Na laluba aljihu na ciro makullin motar na ajiye a gefen tabarma. Yaya ya ɗauka ya sa a aljihu.

Damina ta sauka muna cikin wannan. Na koma gona gaba ɗaya, shi ya koma tuƙi. Muna gaisawa, muna sallah a sahu ɗaya, amma mun daina cin tuwo a kwano ɗaya. Matata ta tambaye ni abin da ya faru, na kasa gaya mata, don ban san yadda zan faɗi kalmar da bakina ba. Daga gona ina jiyo motar in ta doshi hawan da ke bayan gari tana tari, ina jin sanda take mutuwa. Na san man bai daina tafiya ba, don ina ganinsa yana fita da jarka fiye da da. Shi ma ya sani. Amma bai zo ya ce mini komai ba, sai rama da ya yi ta yi.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, na gan shi a ƙofar gida ya shiga ƙarƙashin motar zai juye baƙin mai. Ya kwance kusar, ya tara tsohon daro. Ina wucewa da fartanya na ji ya ce, kamar da kansa yake, "Ikon Allah." Daron ya cika har yana zuba, sai da ya jawo wani kwano. Na ga abin, na ga kuma man ya tsinke kamar ruwa, amma ban tsaya ba. Ba a tambaye ni ba.

Inna tana da al'ada, duk sanda aka juye baƙin mai takan ɗebi kaɗan a gwangwani. Tana shafa wa ginshiƙan rumfa saboda gara, in itace ya jiƙe kuma ta ɗiga a kai don wuta ta kama, tunda kananzir ma ya zama abin nema. Ta yi haka ba adadi, ba abin da ya taɓa faruwa. Baƙin mai ba ya kamawa da sauri, hayaƙi yake yi. Ranar ma ta ɗebi nata a daron.

Ban kai bakin gari ba na ji wani sauti daga gidanmu, bum, kamar an yar da buhu daga kan soro. Sai ihun mata. Na yar da fartanyar na sheƙo. Na tarar rumfar girki ta kama, wuta tana cin zanan rufi ta ciki inda bai jiƙe ba. Inna tana tsakar gida a durƙushe, matata ta lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane tana dannawa. Gwangwanin yana can gefe yana ci bal-bal. Ashe garwashi ne a murhun, tana tsiyayawa wutar ta biyo man ta shiga gwangwanin a hannunta.

Maƙwabta suka kashe rumfar da ruwan randa da ƙasa. Da aka yaye zanen na ga hannun Inna na dama, daga yatsu har gwiwar hannu, fatar ta tashi fari fat. Girarta ta ƙone. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi a hankali, tana kallon hannun kamar na wani ne. Yaya, da ya tafi neman sabon baƙin mai, ya shigo da gudu, baƙin mai har wuyan rigarsa, ya tsaya cik. Na ce masa ya tada mota. Ya dube ni ya ce, "Ba baƙin mai a injin." Motar tana ƙofar gida, ciki a zube, ba ta da amfanin komai. A bayan babur ɗin wani maƙwabci aka kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, ina riƙe da ita ta baya.

Sai da rana ta yi sanyi na dawo ɗaukar mata kaya. Na tarar da Yaya zaune a ƙasa kusa da daron, bai ko sake riga ba. Ya tambayi jikinta, na ce an wanke an ɗaure, za ta kwana can. Sai ya tura mini daron da ƙafa.

"Sunsuna."

Na sunkuya. Warin fetur ya bugi hancina har sai da na kau da kai. Na tsoma yatsa na murza, babu santsin nan na baƙin mai. Na ɗauki wani tsinke na tsoma, na yi nisa da daron na ƙyasta ashana. Tun kafin ashanar ta taɓa shi ya kama.

"Ta ina fetur zai shiga cikin inji?" in ji Yaya.

Muka tsaya muna kallon injin. Tanki yana baya, kafireto yana sama. Wuri ɗaya ne hanyar fetur take haɗuwa da cikin inji, wato famfon nan da muka duba bayansa muka bar shi. Kusoshi biyu ne suke riƙe da shi. Na ɗauko sifana na kwance, shi ya riƙe. Hannun famfon da ke shiga cikin injin ya fito a wanke ƙal, fetur yana ɗiga daga jikinsa. Muka buɗe shi a kan bonet. A ciki akwai wata roba mai faɗi, ita take sama da ƙasa tana turo man. Na ɗaga ta saitin rana, sai ga haske ta wata tsaga a gefe, tsawonta bai wuce farce ba. Duk bugun da famfon zai yi, wani man ya hau sama, wani ya gangara ƙasa cikin baƙin mai. Shi ya sa motar take shaƙewa a hawa, shi ya sa ba mu taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba.

Yaya ya karɓi robar ya juya ta a hannunsa. Sai ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Baba, sai a wannan rana.

"Saboda wannan," ya ce. "Saboda wannan na ce ka dafa Alƙur'ani."

Na yi zaton in ranar nan ta zo zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Hannun Inna kawai nake gani. Na tuna yadda na wuce daron nan da safe, na ga man a tsinke, na tafi abina.

Washegari muka je asibitin tare a ƙafa. Yaya ya durƙusa a gaban gadon ya gaya mata komai, ya juyo ya ce, "Ka yafe mini, Auta." Na ce na yafe, kuma da gaske nake. Inna ta saurare mu ta ce a ɗaga mata filo, sannan ta tambaya ko an ba awakinta dusa.

Sabuwar robar ba ta samuwa a lokacin. Mun daɗe muna tafiya da jarka ɗaure a kan rufin motar, tiyo ya gangaro zuwa kafireto, man yana sauka da kansa, kafin wani bakanike a Bacirawa ya samo mana tsohon famfo daga wata mota da ta mutu. Tarin ya tsaya. Amma injin ya riga ya daɗe yana aiki da tsinkakken mai, kafin kaka ta shigo ya fara ƙarar bugun ƙarfe, ba mu kuma iya gyaransa ba. Muka jingine motar a bayan gida.

Hannun Inna ya warke, sai dai yatsu biyu sun ƙage, ba ta ƙara iya tuƙa tuwo ba. Ta koyi cin abinci da cokali, abin da ta ƙi duk rayuwarta. Ni da Yaya muka sake rufa rumfar da kwano, ta zauna a inuwa tana nuna mana da hannun hagu inda take so a kafa murhun.