Turakun da muka kafa da Kawu

Jiya na ji jikata tana bitar Turanci, sai Kawu ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa.

Shekarar da aka fara haƙa magudanan ruwan Bakolori, na nemi aikin awon ƙasa a Talata Mafara. Kawu ya taɓa yi wa wani Ba'ingile kuku, don haka shi ya koya mini yarensu a zaure, ina rubutawa da ajami, ƙamshin shayinsa mai citta ya cika wurin.

"Mutanen ga suna maganar gobe kamar sun riga sun wuce ta," in ji shi. "Sai ka ji, kafin Juma'a zan kasance na gama. Kuma wallahi sai sun gama!"

Ranar gwaji, Baturen da ke ɗaukar ma'aikata ya nuna mini filin da za a kafa wa turakun awo, ya tambayi yaushe zan gama. Na zuba masa jimlar nan ta Kawu tas da Turanci. Murna kamar in tashi sama! Kawu daga bayana ya ce, "In sha Allahu, ɗan nema!"

Laraba ta yi, ban kai rabi ba, aiki na shirin kuɓuce mini. Sai ga Kawu da guduma.

"Ka ari bakinsu, sai ka ari cika alkawarinsu. Riƙe turke!"

Muka gama ranar Alhamis da la'asar, tafin hannunsa duk ya ɗaye. Aka ɗauke ni aiki.

Allah Ya sanyaya wannan hannu da ruwan Alkausara.