Agogon Surukina

Surukina yana da wani tsohon agogo da mahaifinsa ya kawo daga Ikko zamanin da yake fataucin shanu. Gidan agogon na baƙin katako ne, an sassaƙa masa ganyaye da hannu, fuskar kuma tagulla. A kan kantar ɗakin surukin nawa, da muke kira Baba, yake zaune, kowace Juma'a ya murɗa shi da ɗan makulli. Idan ya buga, har makwabta suna ji.

A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori ina da goyo. Gonarmu ta fadama ta shiga cikin aikin, maigidana da ƙanensa suka bi sauran manoma zuwa bakin hanya inda suke taruwa don nuna ƙin yardarsu. Ranar nan da hantsi muka fara jin harbi daga can. Mata suka kwashi yara suka yi daji. Baba ba ya iya tafiya saboda ciwon ƙafa, ni kuma na kasa barinsa.

"Ɗiyata, ki tafi," in ji shi.

"Baba, ina nan."

Na ja ƙyauren ɗakinsa, na zauna a ƙasa na sa wa yarinya nono don kada ta yi kuka. Garin ya yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Can sai ƙarar mota, sai takun takalma a lungunmu, ana dukan ƙofofi ana magana da harshen da ban sani ba.

Baba ya taɓa ni ya nuna kanta. Hannayen agogon sun kusa haɗuwa a sama. Yana gab da bugawa, kuma na tsakar rana shi ne mafi tsawo.

"Buɗe shi ta baya," ya ce a hankali. "Riƙe abin da ka lilo."

Ban taɓa sa masa hannu ba tun zuwana gidan. Na miƙe da yarinya a ƙirji, na lalubo ƙaramar ƙofar na damƙe ƙarfen da ke lilo. Wani abu ya ce ƙas a ciki. Agogon ya yi shiru.

Mutum ya shigo zaure. Na ji ya ture randa, ruwa ya malalo har ƙarƙashin ƙyaurenmu ya jiƙa mini ƙafa. Leɓen Baba yana motsi da addu'a. Aka kira mutumin daga waje, ya fita.

Sai da la'asar ta yi na iya sakin ƙarfen. Ashe na lanƙwasa shi, agogon bai ƙara tafiya ba, Baba kuma bai taɓa yi mini maganar ba.

Maigidana bai dawo ba sai bayan kwanaki, ta wajen garin Morai, ba takalmi ba hula. Na kawo masa fura ya sha rabi. Da Baba ya tambaye shi ƙanensa da suka fita tare, sai ya ajiye ƙwaryar ya juya fuska ga bango.