Bencin Anti Cigiya

A gidan rediyon da na yi aiki shekara goma sha ɗaya, ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Anti Cigiya kowa ke cewa, har Manaja. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, tebur ɗaya, fanka mai ƙara kamar injin niƙa, sai dogon benci a waje inda masu kawo sanarwa ke zama. Ƙarfe huɗu da kwata na yamma take shiga situdiyo ta karanta abin da aka kawo: yaron da ya ɓace a kasuwa, tsohuwar da ta fita ba ta dawo ba, wani lokaci har akuya.

Da can malamar firamare ce. Da mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, sai ta nemi aiki kusa da gida. Ba ta karɓar cigiya a tsaitsaye. Sai ta zaunar da mutum ta yi ta tambaya: wace riga ya sa, yana da tabo, yaya tafiyarsa take?

"Kada ka ce min dogo ne baƙi," in ji ta. "Rabin garin nan dogaye ne baƙaƙe."

Mu 'yan ɗakin labarai muna ganin aikinmu ya fi nata. In mun wuce sai mu ce, "Anti, yau akuya nawa?" Ita kuma ta ce, "Ni dai in na ce akuya ta ɓata, to ta ɓata. Ku fa?"

A shekarar zaɓe faɗa ya ɓarke a garuruwan bakin kogi tsakanin sojoji da wasu masu ɗauke da makamai. Mai gidan rediyonmu aminin ɗan takarar jam'iyya mai mulki ne, don haka takarda ta zo daga sama: kada a ce yaƙi, a ce 'yar hatsaniya. Ni nake karanta labaran ƙarfe huɗu, kuma da bakina na yi ta cewa zaman lafiya ya dawo. Gidan rediyon tsallaken titi kuwa na 'yan adawa ne. Su kullum dubbai ne suka mutu. In ka bi ta tasu, an gama da mutanen bakin kogi tun makon farko.

Bencin Anti ya cika, har mutane suka koma zama a kan matakala. Mata da ƙullin kaya, tsofaffi da ƙafafu a kumbure. Sai ya zama ina gama cewa komai lafiya, ita kuma ta zauna a kujerar da na tashi ta jero sunaye hamsin, kowanne da garin da aka rabu da shi. Kawuna ya kira ni a waya ya ce, "Ɗana, kai da matar nan wa za mu yarda da shi?" Na ce masa ina cikin aiki.

Saura mako uku zaɓe Manaja ya kira ta. Ina ofishin, na kawo masa labarai ya duba.

"Anti, daga yau ki riƙa faɗin sunan mutum kawai. Sunan gari ki bari sai bayan zaɓe."

"Ranka ya daɗe, cigiya ba sunan gari ai jifa ce a ruwa. Masu suna ɗaya nawa ne a ƙasar nan?"

"Ba ni na ce ba. Daga sama ne."

"To na ji. Amma ka taimake ni ka sauko ka faɗa musu da kanka. Ni bakina ba zai iya ba."

Manaja ba mugun mutum ba ne, tsoron kujerarsa yake ji kamar kowa. Ya sauko, ina biye da shi. Na farko a benci wani tsoho ne masunci. Da ya ga mai babbar riga sai ya miƙe, ya ciro hoton 'yarsa da jikokinsa biyu daga aljihu. Ya ce a bakin gada suka rabu, shi ya shiga kwalekwale, su suka bi mota. Kwana goma sha tara ke nan.

"Yallaɓai, an ce kai ne babba. Yau za a faɗa?"

Manaja ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Za a faɗa, Baba." Da muka koma kan matakala ya ce wa Anti, "Minti goma, ba ƙari. Kuma kada na ji kalmar yaƙi."

"Ni ban taɓa faɗinta ba. Suna nake faɗa, da gari."

Bayan kwana biyu editan gidan rediyon tsallaken titi ya zo da fara'arsa, yana neman jerin sunayen, wai don duniya ta ga abin da gwamnati ke ɓoyewa. Anti ko kujera ba ta ba shi ba.

"Ƙanena, ku ne kuka ce ba wanda ya tsira a garin wancan tsohon masuncin. Ya ji ku a tashar mota, kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba. In za ku karanta, ku karanta yadda na rubuta. Ba waƙar jam'iyya a gaba, ba sharhi a baya."

Ya tafi yana gunaguni. Amma masu sauraronsa ma suna da 'yan'uwa a bakin kogi, suka dame shi da waya. Mako bai cika ba ya aiko a karɓi takardar, ya kuma cika sharaɗin. Har aka yi zaɓe, gidajen biyu ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai wannan.

Ni ban yi wata jarumta ba. Abin da na iya shi ne na daina cewa zaman lafiya ya dawo, na koma cewa gwamnati ta ce ya dawo. Manaja ya gani a takarda, ya ɗaga ido ya dube ni, ya sa hannu.

An samu 'yar masuncin a wata makaranta da aka mayar sansani, ita da yaran biyu. Wata mai jinya ce ta ji a rediyon 'yan adawa ta kawo su. Ba kowa ne ya yi wannan sa'a ba. Akwai sunayen da Anti ta yi ta maimaitawa har shekara, shiru.

Ta yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, idonta ya fara ba ta wahala. 'Yar masuncin ce ke zaune a ɗakin ƙarƙashin matakala yanzu, don ashe ta yi sakandare, kuma muryarta garau take. Anti da kanta ta koya mata aikin har tsawon wata shida. Tana gida tana renon jikoki, amma duk ranar da yarinyar ta yi saurin karatu, kafin ta fito daga situdiyo wayarta ta fara ƙara.