Idan Ya Buga Sau Biyu

Da rana tela ne, da yamma kuma yana koyar da kokawar judo a ɗakin bayan shagonsa, kan katifun da suka tsufa har soso ya leƙo. Ɗalibai ba sa daɗewa a wurinsa. Sun zo koyon kayar da mutum, shi kuwa sai ya sa su yi wata da watanni suna koyon faɗuwa.

"Idan abokin karawarka ya ɗan buga jikinka sau biyu, ya sallama ke nan," yakan ce musu. "Ka sake shi nan take."

Tun suna samari yake karawa da amininsa Dogo, makaniki mai taurin kan tsiya. Ko an shaƙe shi har idonsa ya yi ja, Dogo ba ya bugawa. "Sai dai ka gaji don kanka, ɗan'uwa," yakan ce yana dariya.

Bara ciwo ya kwantar da Dogo a asibiti. Telan ya zauna bakin gado, ya riƙe hannunsa gam, yana ta yi masa faɗa ya tashi. Can sai ya ji yatsun Dogo a bayan hannunsa, a hankali, sau biyu. Shi ya koyar da dokar, ba yadda zai yi. Ya sake shi.

Tun da Dogo ya rasu, yakan ɗaura baƙar ɗamararsa ta judo a ginshiƙin ɗakin, ya rusuna, ya yi ta janta shi kaɗai kamar suna karawa. Ginshiƙin ba ya faɗuwa, ba ya kuma dariya.