Ranar da mota ta ja ni a ƙasa a Mushin

Salama gare ku 'yan uwa. Masu tambayata a nan abin da ya sami ƙafata, kullum ina ce muku haɗarin mota ne. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba. Fiye da shekara ashirin na kasa buɗe baki a kai. Yau zan faɗa.

Sunana Binta, haifaffiyar Agege a Legas. Lokacin da abin ya faru soja ba su daɗe da miƙa mulki ba. Ina sayar da atamfa da leshi a gida, maigidana ya bar min tsohuwar fijo ɗinsa ina zuwa sari da ita. 'Yarmu Nana tana da shekara biyu.

Wata Talata da hantsi na je Mushin. Bakin filin ajiye motoci ya cika, sai na kai motar can ƙurya, bayan wata matacciyar danfo, wato bas ɗin haya, inda ba mai ganin mutum.

Kafin in gama sayayya Nana ta yi barci a bayana. Na kwance goyon, na kwantar da ita a kujerar baya, na zaga ina zuba kaya a but.

Ban ji zuwansu ba. Sanyin ƙarfe kawai na ji a haƙarƙarina. Su biyu ne, tsaf-tsaf kamar ma'aikatan banki. Ɗaya ya ce min da Yarbanci in kawo makulli, kada in yi ihu.

Na miƙa masa. Tsoro ya ɗauke min hankali gaba ɗaya. Sai da injin ya tashi na tuna Nana na ciki.

Na damƙi marfin baya ina ihu, "'Yata! 'Yata na ciki!" Ba su tsaya ba, ni ma ban saki ba. Motar ta ja ni a kan tsakuwa, sannan tayar baya ta bi ta kan ƙafata ta hagu. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin.

Mutane suka taso suna "Ole! Ole!", wato ɓarawo. Da suka ga bindiga kowa ya watse.

Wani mai danfo ne ya kwashe ni. Asibitin farko suka ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Na biyu suka karɓe ni. Duk wanda ya sunkuyo kaina sai in tambaye shi ina 'yata. Ba mai amsa min.

Bayan la'asar maigida ya shigo da ita a kafaɗa. Ashe ɓarayin sun jefar da ita a bakin titi. Wata Bayarabiya mai gasa ayaba ta ɗauke ta, ta ji tana kiran Umma, sai ta kai ta wurin Hausawa masu tsire. Daga nan labari ya isa Agege.

Hoto ya nuna ƙashin ya karye gida uku a ƙasan gwiwa, naman ya yage, yashi ya shiga ciki. Aka yi min tiyata, aka soka ƙarafa ta waje suna riƙe da ƙashin.

Inna, mahaifiyata, ta ce a kai ni wurin mai ɗori. Likita ya ce, "Mama, ba karaya kaɗai ba ce, ciwon a buɗe yake. In kuka fita da ita ba za ta yi sati ba."

Kullum da safe wankin ciwo. Akwai wata nas, Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, ita ke min. Ina cizon zani, ita kuma tana cewa, "Binta, yi kukanki, amma kada ki janye ƙafar."

Sati na uku zazzaɓi ya rufe ni. Ciwon ya fara wari, har maƙwabciyar gadona tana juya fuska. Aka ɗebi jini, aka ɗebi mugunya aka kai gwaji. Likita ya ce ƙwayar cuta ta kama ƙashi. In kwana goma suka wuce ba sauƙi, za a yanke.

Allurar da ya rubuta ba ta talaka ba ce. Awarwarona da keken ɗinkina duk a nan suka tafi. Jini kuwa mutanen masallacin unguwarmu ne suka zo suka bayar.

Amma ba ƙafar ce ta fi cina ba. Nana ta daina zuwa wurina. In ta gan ni sai ta ƙanƙame Inna. Ranar da na kasa riƙewa na ce wa maigida, "Baban Nana, na manta da ita. Na ba su makulli tana ciki."

Ya dubi ƙarafan. Ya ce, "Da kin manta da ita, da ƙafar nan lafiyarta lau."

A kwana na takwas cikin goman da likita ya bayar zazzaɓin ya sauka. Aka sake kankare ƙashin, aka yanko fata daga cinyata aka rufe wurin. Wata huɗu na yi a gadon nan, na yi shekara da sanda. Ƙafar ta gajarce, har yau ina ɗingishi. Motar ba a sake ganin ta ba.

Alhamdu lillahi. Allah Ya ji ƙan Inna. Allah Ya saka wa maigidana, da Rifkatu, da mai gasa ayabar da ban taɓa sanin sunanta ba.

Don Allah, kada ku ajiye mota a ƙurya don gudun cunkoso. Ku jira wuri kusa da ƙofa, inda idon mutane yake. Kafin ku buɗe mota ku waiwaya. Mata, ku gama loda kaya da goyonku a baya, yaro shi ne ƙarshen shiga mota.

In kuma sun zo, ku ba su makulli, kada ku yi kokawa. Amma kafin makullin ya bar hannunku ku ce, "Akwai yaro a ciki, bari in ɗauke shi."

Ku riƙa maimaita maganar nan tun yanzu kuna zaune lafiya. Ranar da bindiga ta taɓa jikinku ba za ku iya tunani ba, sai abin da baki ya saba.