Injiniya da Sandar Taga

Yayana mutum ne mai son girma, Allah ya sani. Tun da ya fara gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a jami'a muke kiransa Injiniya, shi kuwa ya amsa har da gyaran murya, alhali bai taɓa shiga aji a can ba sai da tsani a kafaɗa.

Ana nan sai jami'a ta gaji da wutar da na'urorin ke sha. Aka cire na manyan ɗakunan karatu, aka shafa wa rufi farin fenti, aka fasa tagogi can sama kusa da silin. Yaya kuma aka miƙa masa doguwar sanda mai ƙugiya. Da yamma ya buɗe tagogin, iska ta kwana tana kwashe zafin bango, da safe ya rufe kafin rana ta yi ƙarfi. Kunya ta hana shi faɗa a gida. Ni kaɗai ya gaya wa, nan ma sai da ya sa na rantse.

Sai ga babbar 'yarsa ta samu gurbi a jami'ar, kuma ba ta da wurin karatun yamma sai babban ɗakin da ke hannunsa. Ya leƙa, ya hango ta cikin ƙawaye, ya ja da baya da sandarsa, bai buɗe tagogin ba. Washegari ma haka, har abin ya zama jiki. Ɗaki ya yi ta tara zafi, ranar jarrabawa wata ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi.

Ina gidan Yaya ranar. Muna cin abinci 'yar tasa ta shigo fuska a murtuke.

"Baba, ku ne manya a wurin, don Allah ka sa a kori mai tagogin nan. Malalacin banza ne. Ƙawata ce ta faɗi, ko rabin takarda ba ta rubuta ba, sai ta maimaita baɗi."

Na sunkuyar da kai, kunya ta rufe ni kamar ni na yi. Yaya ya daɗe yana juya cokali a kwano.

"Ba sai an nemo shi ba," ya ce a hankali. "Ni ne. Ke nake gudu kar ki gan ni da sanda."

Ta tsaya tana kallonsa, jaka na rataye a kafaɗarta.

"To Baba, ni gobe me zan ce mata?"