Tarbar Jirgin Su Rabi a Norfolk

Lanham

Muna idar da sallar asuba muka bar Lanham, garin da muke zaune a Amurka, ni da maiɗakina da mahaifiyata Hajiya, wadda ta zo daga Kano musamman don wannan rana. 'Yarmu Rabi injiniya ce a rundunar sojan ruwan Amurka, kuma jirginsu zai dawo sansaninsu na Norfolk bayan watanni a teku. Firigat ake kiran irinsa, wato jirgin yaƙi matsakaici mai raka manyan jirage. Ya girmi Rabi, wannan kuma ita ce tafiyarsa ta ƙarshe kafin a ajiye shi.

Richmond

A wani gidan mai muka tsaya muka buɗe kular ƙosai da fulas ɗin kunu. Hajiya ta ƙi ci.

"Sai na ga ƙawata tukuna," in ji ta, don haka take kiran jikarta.

Gab da Norfolk akwai hanyar da ke bi ta ƙarƙashin ruwa. Nan cunkoso ya riƙe mu, motoci ko motsi. Ina kallon agogo, gumi na keto mini. In jirgi ya riga mu, wahalar Hajiya tun daga Kano ta tashi a banza. Ita ko sai jan carbi take yi. Can hanya ta buɗe, na taka mota.

Norfolk

A ƙofar sansani soja ya juya fasfon Hajiya, ya yi waya, sannan ya sara mata ya ɗaga shinge. Muka isa bakin ruwa ana ta kaɗa tutoci, sai ga jirgi ruwan toka yana tahowa a hankali, sojoji cikin fararen kaya sun jeru a gefensa.

Wani tsohon Bature kusa da ni yana share hawaye. Ya ce da ƙuruciyarsa ya yi aiki a cikinsa, sun raka tankokin mai a tekun Farisa. Bayan ya bar aiki, jirgin ya kori 'yan fashin teku a gaɓar Somaliya, ya tare masu safarar ƙwaya, ya yi atisaye da sojojin Afirka ta Yamma. Ina fassara wa Hajiya, tana gyaɗa kai.

Rabi ta sauko da gudu, ta durƙusa har ƙasa da kakinta. "Hajiya, sannu da zuwa."

"Ke za a yi wa sannu, ja'ira! Dubi yadda kika rame."

Muna haka kwamandan jirgin ya iso, ya ce in gaya wa tsohuwa abin da jikarta ta yi. A Bahar Rum sun tarar da kwalekwalen baƙin haure yana nutsewa. An kwashe mutane, ana shirin barinsa, wata mata sai ihu take yi, babu mai gane yarenta. Rabi ta fito daga ɗakin inji ta ji Hausa ce. Matar 'yar Damagaram ce, tana cewa ɗanta na ƙarƙashin tamfol. Aka koma da sauri, aka ciro shi da ransa.

Na fassara wa Hajiya. Sai ta kama hannun Rabi ta ɗaga sama, ta rangaɗa guɗa. Turawan da ke wurin suka juyo, suka ɗauki tafi.

Rabi ta zagaya da mu cikin jirgin, matakalai a tsaye, ɗakuna a ƙuntace. Hajiya ta shafa bangon ƙarfen ta ce, "Kai ma Allah ya saka maka, tsoho."

Komawa gida

Mu huɗu muka juyo. Hajiya ta cinye ƙosanta da sanyinsa, Rabi na barci a kafaɗarta. Da magariba muka shiga Lanham, muka tarar maƙwabta sun cika falo da tuwo da miyar kuka. Mun gode musu, mun gode wa Allah da ya dawo mana da ita lafiya.